Tuwon Kaffarar Auta

Da mijina ya rasu na dawo gidanmu nan Bodinga, tukunyar gidan ta dawo hannuna. Ban damu ba. Ni dama mutuniyar tsakar gida ce, in aka ba ni murhu da rediyo da wanda zan yi wa surutu, to an gama mini komai. Mu uku Baba ya bari. Akwai wanmu, mai sayen albasa yana lodawa Kudu, wanda tun da ya je Makka ba a isa a kira shi da wani suna ba sai Alhaji. Sai ni. Sai Auta, tela, mai shago a bakin kasuwa. Alhaji yana da gidansa a bayan namu, da bene da komai, amma a zauren Baba yake wuni, ya baza babbar riga yana yanke hukunci kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Auta ya auro yarinya daga ƙasar Shagari, 'yar wani tsoho manomin albasa a wajen Kajiji. Har ta haihu Amarya muke ce mata. Yarinya mai kunya, mai hannu a girki, kuma tana dariyar labarina ko na maimaita mata shi. Na so ta ƙwarai. Uban nata kuwa mutum ne mai magana ɗaya. Tun ranar farko da ƙishin-ƙishin ɗin cacar Auta ya kai kunnensa ya aiko a gaya mana: ɗiyarsa ba za ta zauna gidan ɗan caca ba. Ya yi haƙuri wannan karon, in aka sake zai zo da kansa ya ɗauke ta. Duk abin da aka yi a gidanmu bayan nan, don kada tsohon nan ya hau babur ya zo aka yi shi.

Cacar ba ta karta ba ce irin ta da, da ake ɓuya a kango. Ta ƙwallon Turawa ce. Akwai shago kusa da tasha, da talabijin manya-manya da fanka, samari cike kamar ana rabon gado. Mai shagon, in kun gan shi ranar Juma'a a sahun gaba da carbinsa mai dubu, sai ku ce shi zai ja sallar. Wanda bai son a gan shi a shagon kuma sai ya yi a waya, yana kwance a ɗakin matarsa. Auta duka biyun yake yi.

Mu dai ba mu san abin ya yi nisa ba sai da wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida ana gobe Babbar Sallah, yana neman shaddarsa da ya kai ɗinki. Babu ɗinki, babu shadda. Auta ya sayar. Alhaji ya biya mutumin, ya roƙe shi ya rufa asiri, sannan ya sa aka kira masa Auta.

Ina leƙe ta ƙofar zaure na ga yadda aka yi. Alhaji ya sa shi ya yi alwala. Ya ɗauko Alƙur'anin Baba a cikin gafakarsa, ya kira abokansa biyu na majalisa su zama shaidu. Auta ya dafa, yana kuka har da majina, ya rantse ba zai ƙara ba har abada. Alhaji ya shafa gemu ya dubi shaidunsa.

“To, an gama. Kun gani? Ƙaramin abu na. Yaro in ka san kanai, ba shi ba ka wahala.”

Shaidun suka ce ai sai Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ɗayansu ma ya ce da a ce kowane gida akwai irinsa da an rufe shagon tasha. Aka kawo musu fura suka sha.

Wata bai ƙare ba Auta ya koma.

Da aka tambayi liman abin da ke kan wanda ya karya rantsuwa, ya ce kaffara: a ciyar da miskinai goma, ko a tufatar da su, wanda ba shi da hali ya yi azumi. Ya ce ana iya auna musu hatsi kawai. Da an bi ta liman, da mudu-mudu za a kai musu a ƙwarya, babu mai ji babu mai gani. Amma ina! Gidan su Alhaji ne za a auna tsabar dawa kamar na talakawa? Ya ce a dafa. Tuwo, miyar kuka da nama da man shanu, a manyan kwanonin nan masu murfi. Kuma ya kafa mini doka.

“Kowa yat tambaye ki, ki ce sadakar Baba ta.”

Ni na tuƙa tuwon. Ni da Amarya muka ɗauka muka bi gidajen tsofaffin unguwa, zawarawan da ba su da kowa da makaho guda da ke zaune bayan masallaci. Suka yi ta sa wa Baba albarka a kabarinsa, suna cewa ya bar 'ya'ya na gari. Amarya tana tsugune kanta a ƙasa tana cewa amin.

Daga nan abin ya zama kamar sana'a. A rantse, a karya, in tuƙa tuwo. Alhaji kuma bai taɓa cewa maganinsa ne bai yi ba, kullum sai ya ce ƙarfinsa ne bai isa ba. Rantsuwar zaure ba ta kama ba, sai a yi ta a masallaci. Ta masallaci ba ta kama ba, sai a jira Juma'a bayan an sauko. Shaidu biyu sun yi kaɗan, a ƙaro. Har wani malami aka ɗauko daga wajen Dingyadi, ya zo ya kalli Auta sama da ƙasa ya ce jifa ne, wani tela ne ɗan'uwansa ya yi masa don ya ga yana samun ciniki. Ya ba da rubutu da turare, ya karɓi rago. Hayaƙin nan ya sa 'yar Amarya tari har ta kwana biyu ba ta shan nono sosai. Auta ya sha rubutun tas, ya goge baki, ya fita. Daga baya muka ji ko gida bai bari da nisa ba ya ciro waya.

Wai duk don kada magana ta fita. Unguwar da in ka yi atishawa a ɗaka za a ce maka yarhamukallahu daga bayan katanga! Ranar da na san asirin da muke rufewa ya daɗe a buɗe, na je gaishe da wata tsohuwa ce cikin masu karɓar tuwon, lokacin damina, an ɗan kwana biyu ba mu dafa ba. Ta kama hannuna ta ce:

“Ke ɗiyata, halan Turawan ga masu ƙwallo hutu sunka tahi?”

Na ce, “Inna, mi kinka gani?”

“Yo na ga sadakar babanku ta tsaya. Da dut Litinin muna cin nama.”

Ta yi dariya har tana tari, bakin babu haƙori ko ɗaya. Ni ma na yi, don abin ya ba ni dariya. Amarya da ke bayana ba ta yi ba. Da muka dawo gida ta shige ɗaki ta ja labule, ranar ko tsintsiya ba ta ɗauka ba.

Na gaya wa Alhaji abin da tsohuwar ta ce. Ya ce a cire ta daga cikin masu karɓa.

Ni kam a lokacin haushin Auta nake ji fiye da na kowa. Ƙato da shi, da gemu, da 'ya, ya zauna yana jiran wani Bature da bai san da zamansa a duniya ba ya buga ƙwallo a raga. Ina ce masa sakarai, ina ce masa marar zuciya, in ya shigo in juya masa baya. Abin da ya fara sauya mini tunani kuwa ranar da ya ci ne, ba ranar da aka cinye shi ba.

Ya shigo da rana tsaka da atamfa ta Amarya, da tsire, da takalmin yarinya. Na ce yau ga Auta zai yi fara'a. Ya ajiye kayan a tabarma kamar wanda aka aiko. Bai zauna ba, bai ɗauki 'yarsa ba, tsiren ma bai taɓa ba. Yana tsaye yana latsa waya, yatsunsa suna rawa, ya je bakin rijiya ya dawo, ya je ya dawo. Sai na tuna marigayi mijina. Taba yake sha, Allah ya jiƙansa. In azumi ya kama, daga la'asar ba a yi masa magana, haka yake zirga-zirga a tsakar gida, haka yatsunsa suke rawa, ba yunwa ce ke damunsa ba, ba ƙishirwa ba. Shi ma ya sha rantsewa ya bari. Irin tafiyar ce sak na gani a ƙafar Auta.

Bayan kwana biyu abin da ya ci ya koma inda ya fito, har atamfar. Na same shi zaune kusa da murhuna da hantsi, ya haɗa kai da gwiwa. Ban zage shi ba, na gaji da zagin. Na tura masa koko na ce:

“Auta, hwaɗa min gaskiya. In ka dafa Littahin ga kana kuka, ƙarya kaka yi muna?”

“Wallahi Yaya ba ƙarya nika yi ba. Kukan na gaskiya na. Amma hannuna na bisa Alƙur'ani, zuciyata tana wurin wasan Assabar.”

“To kuɗɗin mi za su yi ma da ɗinki bai yi ma ba?”

“Ba kuɗɗin ba na. In na ci ma ba ni jin komi. Tsakanin sa'adda nis sa da sa'adda anka tashi wasa, nan ɗai nika jin ina da rai. In ban sa ba kaina kamar shi tsage.” Sai ya ƙara da cewa, “Kuma na san in na karya, tuwo na za a dahwa.”

Wannan ta ƙarshen ce ta fi damuna. Ashe tuwona ma ya shiga lissafin caca.

Rediyona ba ya mutuwa, ko ina daka yana rataye a jikin turmi. Wata safiya ina tankaɗe aka sa shirin lafiya, wani likita yana bayani a kan caca. Na ajiye rariya. Ya ce akwai wanda caca take kama shi kamar yadda taba ko ƙwaya take kama mutum. Yana so ya bari ya kasa, yana ƙarya don ya ɓoye, in an cinye shi sai ya koma neman ramuwa, in ya daina kwana biyu sai ƙunci da rashin barci. Ya ce ciwo ne, a asibitin ƙwaƙwalwa ake duba shi, kuma 'yan'uwan da ke biya masa a ɓoye suna rufewa ƙara masa suke yi. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ba na bukatar a fassara mini wannan. Kamar mutumin ya taɓa kwana a gidanmu. Na kira Amarya ta zo ta ji ƙarshensa, tana tsaye da tsintsiya a hannu.

Da yamma na sami Alhaji a zaure. Na durƙusa na gaishe shi yadda yake so, na gaya masa. Ya bari na gama, sannan ya yi irin dariyar nan tasa ta hanci.

“Rediyo! Yanzu ke rediyo ab babban malaminki? Asibitin mahaukata za ki kai ɗan Baba? Gobe a ce gidan ga akwai hauka, wa za shi auri ɗiyana?”

“Alhaji, ai ɗiyar wani ta muka shirin rasawa.”

“Tashi ki ba ni wuri. Abin da Alƙur'ani bai yi ba, wani yaro mai farar riga za shi yi?”

Na so in ce masa Alƙur'ani bai ce a mai da shi wasan Litinin ba, amma wana ne, na haɗiye.

Ba a daɗe ba Auta ya kwance kan kekensa na ɗinki ya sayar. Tela ba keke. Ƙafafun kawai ya bari a shago kamar gawar akuya. Alhaji ya sa aka sake rantsuwa, ban ma leƙa ba. Washegarin da aka karya ta, sai ga dawa da nama an shigo da su. Na ce a mayar wa Alhaji.

Ya shigo tsakar gida da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba.

“Mi nika ji?”

“Ba ni dahwawa, Alhaji. Wanda yar rantse shi yi azumi nai. Wanda yas sa shi kuma shi taya shi.”

Ya ce ni zawara ce da ke cin arziƙinsa, ya ce abubuwa da yawa. Ina zaune ina tsinke zogale har ya gama ya fita. Naman nan a gidansa aka ci shi.

Amarya ce ta kira ubanta da kanta, kuma ban ga laifinta ba. Ta gaji da ɗaukar kwano. Ta gaya masa komai, har abin da muka ji a rediyo.

Tsohon ya iso da hantsi a bayan ɗan acaba, da 'yar sandarsa da hular da ta koɗe, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na kai ruwa, na koma bayan ƙofa na tsaya, don ni ba a yin magana a gidanmu ban ji ba. Amarya tana ɗaki ta riga ta ɗaure kayanta a zani. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, ƙaƙa albasa. Alhaji yana ta ranka ya daɗe, yana ta Baba, murya kamar zuma. Auta yana rakuɓe a gefe.

Tsohon ya ce, “Alhaji, ni ba mai yawan magana ba na. Na ce in anka sake ina zuwa, ga ni. Amma yarinya ta hwaɗa min wata magana, ita nika son in ji. An ce abin ga ciwo na. In ciwo na, mu ba mu raba aure don ciwo. Uwarta ta yi shekaru kwance ban kai ta gidansu ba. In kuwa iskanci na, ta hito mu tahi. Kai ab babba. Wanne na?”

Kalma ɗaya ake nema a bakin Alhaji, yarinya ta kwance kayanta. Ina jin yadda yake gyara zama, rigar tana ƙara.

“Ranka shi daɗe, gidan ga tun kakanni ba a taɓa samun mai taɓin hankali ba. Ƙuruciya ta kawai. In anka ƙara mai rantsuwa guda mai ƙarhi...”

“To, madalla,” in ji tsohon. Na ji ya jawo sandarsa. “A kira min ita.”

Kun ji mutumin da ake ce wa babba. An ɗora masa auren ƙaninsa a hannu ɗaya, sunan gida a ɗaya hannun, ko auna su bai yi ba.

Sai na ji muryar Auta, ƙasa-ƙasa, kamar ba tasa ba.

“Baba, ciwo na.”

Alhaji ya ce, “Kai, rufa muna baki!”

“Ciwo na, Baba. Na yi na yi in bari, na kasa. Ko yanzu da nika zaune gabanka, akwai wasa da marece, shi nika tunani. A kai ni inda za a kai ni.”

Tsohon ya mayar da sandar ya ajiye.

“To, mai ciwo asibiti aka kai shi. Yaushe?”

Alhaji ya ce motarsa ba za ta taka wurin nan ba, kada a ga lambarta. A tasha muka hau bas, ni da Auta da tsohon, muka wuce ta gaban shagon nan ana ta ihu a ciki. Ni da ko kasuwa sai dole, ga ni a hanyar birni. Ina tsammanin zan tarar da mutane a ɗaure da sarƙa. Sai na ga benci-benci, mutane da tufafinsu masu tsabta suna jiran layi, wata mata tana saƙa hula, wani dattijo yana karanta jarida. Likitan ya daɗe da Auta su biyu. Da ya kira mu bai yi wa'azi ba, bai ce kowa ya rantse ba. Ya ce Auta zai riƙa zuwa ana zama da shi ana magana, a gano abin da ke tunzura shi da yadda zai yi in abin ya taso. Ya ba shi maganin rashin barci da ƙuncin da ke damunsa. Ya ce a raba shi da babbar waya, kuɗi kuma kada su kwana a hannunsa. Ya ce yana iya zamewa, in ya zame kada a ɓoye, kada a biya masa, a dawo a faɗa.

Haka aka yi. Ƙaramar waya yake riƙewa yanzu, mai tocila. Yana ɗinki a shagon wani abokinsa da keken haya, masu kaya kuma Amarya suke kawo wa kuɗin a gida, katin banki ma yana ƙasan akwatinta. Ya daina bi ta tasha, ta bayan masallaci yake zagayawa ko da ya fi nisa. Asabar da Lahadi su ne masu wuya, don haka tsohon ya ce ya riƙa zuwa Kajiji yana taya shi dashe da ban ruwa. Can sai ka hau tudu kafin waya ta kama. Yana dawowa baƙi ƙirin, yana warin albasa, ya ci tuwo ya kwanta.

Ya zame sau ɗaya, da wayar wani da ya ara. Kafin la'asar ya shigo ya gaya wa Amarya da bakinsa. Ta kira ubanta a gabansa. Tsohon ya saurara ya ce jinya ba ta ƙarewa rana ɗaya, ranar asibiti a gaya wa likita. Amarya ta ajiye wayar, ta yi kwana biyu ba ta yi wa Auta magana, amma ba ta ɗaure kaya ba.

Tana nan. Ɗazu ma ita ta kwashe mini tuwo. Shagon tasha yana nan cike, har an ƙara masa rumfa. Alhaji kuwa ya gaya wa majalisa olsa ce ke kai Auta birni, kuma shi ne ya matsa a kai shi. Yanzu kowane abokinsa da sassaƙen da yake aiko mana, wannan a jiƙa, wannan a dafa da jar kanwa. Amarya tana karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta zuba a wani tsohon kwando a bayan ɗaki. Kwandon ya kusa cika, jiya take tambayata ko itacen yana kama wuta.